Arvind Gupta, Injiniyan da Ya Mayar da Bola Ɗakin Gwajin Kimiyya

Da a ce ni ke raba lambar yabo ta malanta a duniya, da ba zan ɓata lokaci wajen kafa kwamiti ba. Wani dattijo ɗan Indiya mai suna Arvind Gupta zan kira in rataya masa, in ce wa sauran su dawo baɗi. Na san za a ce na cika baki. To, a yi haƙuri in zayyana abin da mutumin nan ya yi da tsinken ashana da robar bawul ɗin keke da tsohon silifas, daga nan sai a yanke mini hukunci.

Aikin nasa ya sa masa suna Toys from Trash, wato kayan wasa daga shara. Ɗaruruwan kayan wasa ne da gwaje-gwajen kimiyya, kowanne an haɗa shi da abin da ni da kai muke zubarwa a bola, an nuna yadda ake yin sa a gajerun faifan bidiyo a YouTube da kuma shafinsa na intanet mai ɗauke da sunansa. Akasarin faifan ba su wuce minti ɗaya ko biyu ba. Babu yawan surutu, babu doguwar gabatarwa, babu wanda zai ɓata maka data yana ba ka labarin kansa. Hannu biyu za ka gani a kan tebur, da almakashi, da tarkace, kafin ka gyara zama abin ya tashi yana juyi ko yana feshin ruwa ko yana busa. Kuma duk kyauta ne. Littattafansa ma suna nan a shafin, mai so ya sauke, ba a tambayar kowa ko sisi.

Mutumin ba don ya rasa abin yi ya shiga tsintar tarkace ba. An haife shi a 1953 a garin Bareilly, ya karanci injiniyancin lantarki a IIT ta Kanpur, ɗaya daga cikin makarantun da suka fi wuyar shiga a duk faɗin Indiya, ya gama a 1975. Ya samu aiki a kamfanin Tata mai ƙera manyan motoci a birnin Pune, irin aikin da uwa ke yin guɗa idan ɗanta ya samu. A 1978 sai ya ɗauki hutun shekara guda ya tafi karkara a jihar Madhya Pradesh, inda ake gudanar da shirin koyar da kimiyya na Hoshangabad. Shirin ya faro tun 1972 da makarantu 16, kuma manufarsa ɗaya ce: yaron ƙauye ya koyi kimiyya da hannunsa, ya gwada, ya gani, ba ya haddace abin da aka rubuta a allo ba. Tafiyar nan ita ce ta sauya masa alƙibla. Daga baya ya bar aikin motoci gaba ɗaya.

A kasuwar ƙauye ta mako-mako ya ci karo da abin da ya zama mafarin komai: 'yar siririyar baƙar robar nan da masu faci ke zura wa bawul ɗin keke. Ya lura tsinken ashana yana shiga cikinta cif-cif, kamar don shi aka yi ta. Ka yanka robar guntu-guntu, ka kankare kan ashanar, ka zura tsinke ɗaya ta nan ɗaya ta can, ka samu gaɓa mai lanƙwasa. Shi ke nan fa. Amma ku dubi abin da ke fita daga wannan ɗan abu.

Tsinke uku da roba uku sun ba ka alwatika. Tunda tsinkayen tsawonsu ɗaya, kowace kusurwa digiri 60 ce, ba sai malam ya rantse ba, yaro zai auna da kansa. Tsinke huɗu sun ba ka murabba'i, biyar mai gefe biyar, shida mai gefe shida. Sai ka ce wa yaro ya danna kowanne da yatsa. Murabba'i zai karkace ya kwanta. Mai gefe biyar zai lotse ya koma kamar kwalekwale. Mai gefe shida ma ba ya da ta cewa. Alwatika kuwa ko gezau. Ka danna ta ta sama, ka matsa ta ta gefe, tana nan yadda take. A nan ne yaro zai ɗaga kai ya dubi katakon da kafinta ya buga a ƙarƙashin rufin kwanon ajinsu, ya ga alwatika. Ya fita waje ya dubi manyan turakun ƙarfe masu ɗauke da wayar lantarki, da dogayen ƙarafan sabis ɗin waya, ya ga alwatika a kan alwatika tun daga ƙasa har sama. Darasin da ɗaliban injiniya ke cika takarda da lissafi a kansa, ga shi yaro ɗan aji huɗu ya ji shi a yatsarsa.

Bai tsaya nan ba. Ka huda tsakiyar robar da allura ko ƙaya, ka soka tsinke na uku, gaɓar ta zama mai ƙafa uku. Da irin wannan gaɓa huɗu da ashana shida za ka tayar da dala mai fuska huɗu, kowace fuska alwatika, wadda ba ta san rushewa ba. Da gaɓa takwas da ashana 12 za ka tayar da akwati mai fuska shida, shi kuma ya yi ta rangaji har sai ka tokare shi. Ka ga daga kwalin ashana ɗaya an fita daga zane a takarda an shiga gini. Wannan ne ya zama littafinsa na farko, wanda aka fassara zuwa harsunan Indiya fiye da goma. Maganar ƙaya kuwa, wani abu ya ƙara sa ni son mutanen Hoshangabad. Ƙayar itacen da suke kira babul suka riƙa amfani da ita a madadin allurar feɗe fure da ganye a darasin halittu. Babul ɗin nan ba wani baƙon itace ba ne, bagaruwarmu ce, wadda majema ke jima da 'ya'yanta, mu kuma muke tsine wa ƙayarta idan ta huda mana taya.

Amma abin da ya gama da ni shi ne injinsa na lantarki. Wallahi ban san wani abu da ya kai shi arha da ban mamaki a lokaci guda ba. Kayan haɗinsa: batirin tocila ɗaya, fil biyu irin mai kulle da mata ke maƙale mayafi da shi, guntuwar roba da aka yanko daga tsohon tiyub ɗin keke, ɗan maganaɗisu, sai wayar tagulla mai rufi kamar mita ɗaya, irin wadda masu naɗin kwayil ɗin fanka ke aiki da ita. Za ka naɗa wayar a jikin batirin zagaye goma da ɗoriya, ka zare, ta zama zobe, ka bar bakinta biyu a miƙe, ɗaya dama ɗaya hagu. Ka ɗaure fil a kowane kai na batirin da robar nan, ka ɗora maganaɗisun a jikin batirin tsakanin su, ka zura bakin wayar biyu a 'yan ramukan da ke gindin fil. Ka ɗan tunkuɗa zoben da yatsa. Sai ya kama juyi, fir-fir-fir, ba ya tsayawa.

Sirrin yana wajen kankarewa, kuma a nan ne na sara wa mutumin. Baki ɗaya na wayar za ka kankare rufinsa tas. Ɗaya bakin kuwa sai ka bar masa ɗan layin rufi a gefe guda. Wannan ɗan layi shi ne makunni: yayin da zoben ke juyawa, wuta na shiga, zoben ya zama maganaɗisu na ɗan lokaci, shi da wanda ke ƙasa su ture juna, da an zo kan layin rufin sai wutar ta yanke, ƙarfin gudun da ya ɗauko ya wuce da shi, wuta ta sake shiga, a sake ture shi. Haka zai yi ta yi. Wutar lantarki da maganaɗisu suna haɗuwa su haifar da juyi, wanda shi ne tushen aikin fankar ɗakinka da injin markaɗe mai amfani da wuta. Na haɗa shi da hannuna a gaban yara, kuma ihun da suka yi lokacin da zoben ya tashi ya ishe ni lada. Yaron da ya ga wannan ba zai sake kallon fanka da ido ɗaya ba, zai fara tambayar me ke cikinta. Ka juya batirin, juyin ya koma baya. Ka rage zagayen wayar, ka ga me zai faru. Ka ƙara maganaɗisu na biyu. Tambaya na haifar da tambaya, malam na gefe yana murmushi. A duk kayan nan, batirin ne mafi tsada.

Sauran ba za su lissafu ba, sai dai in tsakuro. Akwai famfon da ake yi da bututun roba na shan lemo: ka soka tsinke a tsakiyarsa, ka ɗan tsaga shi wuri biyu, ka lanƙwaso hannayen ƙasa su haɗu a jikin tsinken, ka tsoma ƙasan a kofin ruwa ka murza. Ruwa zai hau ya yi ta feshi ko'ina, yara su jiƙe suna dariya, ba su san sun ga yadda injin ban ruwa na fadama ke wurgo ruwa da ƙarfin juyi ba sai an gaya musu. Akwai abin busa daga bututun nan dai: ka latse baki ɗaya, ka yanke shi ya yi tsini, ka hura. Harsuna biyun da ka fitar su ke kaɗawa su ba da sauti, yadda bakin algaita ke yi. Kana hurawa kana datse bututun da almakashi, sautin na ƙara zama siriri. An gama darasin sauti kenan. Akwai fensir mai shawagi a iska, wanda aka zura wa maganaɗisu masu rami a tsaka, aka kafa wasu a jikin tsohon silifas suna ture shi sama, bakinsa kawai ke taɓa guntun faifan CD. Ka murza shi, ya daɗe yana juyi domin kusan babu abin da yake guga.

Wanda ya taɓa mini zuciya kuwa allon zane ne na yara makafi. An shimfiɗa Velcro a kan allo, wato abin nan mai ƙaya-ƙaya da ake manne takalmin yara da shi a maimakon igiya. Alƙalamin kuma zaren ulu yake fitarwa. Duk inda yaro ya ja, zaren ya manne, sai ya shafa da yatsa ya ji abin da ya zana. In bai yi masa ba ya ɗaye ya sake. Duk wanda ya san yawan yaranmu masu lalurar gani, da ƙarancin kayan karatunsu, ya san darajar wannan.

Gupta yana da wata magana da yake yawan maimaitawa, cewa mafi alherin abin da yaro zai yi da abin wasa shi ne ya ɓalla shi. Ranar da na fara jin haka na yi dariya, don na tuna gidajenmu. Uba ya sayo mota mai batir da tsada, yaro ya kwance ta don ya ga abin da ke sa ta tafiya, a yi masa dukan tsiya, a ce ba ya da tattali. Alhali abin da ya yi shi ne ainihin abin da ake biyan injiniya albashi ya yi. Haka abin yake a makarantun da Allah ya sa suna da ɗakin gwaji: kayan na kulle a kabad, mabuɗi na aljihun wani, kowa na tsoron a fasa a cire a albashinsa, har ƙura ta cinye su. Abin da aka haɗa da shara kuwa babu mai jin tsoron lalacewarsa. In ya karye, bola na nan ba ta ƙare ba. Arhar ba don a tausaya wa talaka kawai ba ce, ita ce ke ba yaro 'yancin taɓawa.

Ƙasarsa ta san da shi. Ya yi shekaru yana fitowa a shirin yara na gidan talbijin ɗin gwamnatin Indiya. Daga 2003 zuwa 2014 ya yi aiki a sashen kimiyyar yara na cibiyar nazarin taurari ta IUCAA da ke Pune, wadda masanin taurari Jayant Narlikar ya kafa, kuma a nan aka ɗauki yawancin faifan. Jawabinsa na 2010 da ke dandalin TED, wanda ya yi yana nuna kayan wasan ɗaya bayan ɗaya, shi na fi so kowa ya fara da shi. A 2018 gwamnatin Indiya ta ba shi lambar girmamawa ta Padma Shri. Shirin Hoshangabad da ya ɗora shi a kan wannan hanya kuwa gwamnatin jihar ta rufe shi a 2002, abin takaici, amma abin da ya fito daga cikinsa ya riga ya zagaye duniya.

Me ya sa abin ya kama ni haka? Domin hannun da Gupta ke yabo muna da shi tun kaka da kakanni. Wane ne a cikinmu bai yi motar kara ba? A ɓare kara, a fitar da totuwa, a soka sille, a tayar da babbar mota har da bodi da tagogi. A yi tabarau na kara a ƙwama a hanci ana taƙama. Motar langa-langa, motar gwangwanin madara mai tayoyin silifas, ƙwallon tsumma, 'yar tsana ta ƙashi ko ta kara da 'yan mata ke yi wa kitso da zane. Yaron da ya daidaita ƙafafun motar gwangwani har ta tafi a miƙe ya san gatari da ma'auni, ko da bai san sunansu a littafi ba. Amma da ya shiga aji sai mu ce ya ajiye wannan shirme a waje, yanzu karatu za a yi. Abin da kawai ya tsira ya shiga aji shi ne murfin kwalbar lemo da tsinkayen ƙirga na 'yan aji ɗaya. Gupta ya buɗe wa sauran ƙofa ne, ya ce wannan shirmen shi ne karatun.

Kuma a faɗi gaskiya, 'yan uwana malamai, an koya mana ƙirƙirar kayan koyarwa a kwalejin horon malamai. Me muke yi idan an tura mu koyarwar gwaji? Mu sayi farin kwali da maka, mu zana huhu ko zuciya, mu manna a bango don mai duba mu ya ba da maki. Zane a kwali da zane a allo duk kanwar ja ce, yaro kallo kawai yake yi. Ga gorar ruwa da aka yanke gindinta, da balan-balan ɗaya a ciki ɗaya a ƙasa: ka ja na ƙasan, na cikin ya kumbura, ka saki ya motse. Huhu kenan yana numfashi a hannun yaro, kuma kuɗinsa bai kai na kwalin ba. Gani ya kori ji, taɓawa kuma ta kori gani.

Ba makaranta kaɗai ba. Uwa da ke fama da yara lokacin hutu, suna rigima a kan wayarta, ta ba su tsohuwar jarida da almakashi da murafen gora ta gani. A cikin faifan akwai huluna iri-iri da ake naɗewa da jarida, da tsuntsun takarda mai kaɗa fiffike, da katantanwa ta murfin gora, da faifan CD da ake manna wa murfi da balan-balan ya riƙa sulɓi a kan tebur bisa iskar da ke fita ta ƙarƙashinsa. Yayyen su koya wa ƙannen. Ni dai ban ga abin da ya fi wannan raba yaro da waya cikin lalama ba, duk da cewa a wayar za a fara ganin yadda ake yi.

Son da nake masa bai rufe mini ido ba. Sharar Indiya ba ita ce sharar Kano ko Maraɗi ba. Wasu kayan nasa na da an gina su ne a kan 'yan gwangwanayen fim ɗin kyamara, waɗanda yanzu sai an tona. Maganaɗisu masu rami da ƙananan nan masu ƙarfi ba a kowace kasuwa ake samu ba, sai dai a leƙa wurin masu gyaran rediyo a ciro daga matacciyar lasifika. Robar bawul ma ba kowane mai faci ke ajiye ta ba yanzu. In ba a samu ba, tsinken tsintsiya da 'yan dunƙulen laka za su tayar da siffofin, ko da ba za su lanƙwasa kamar roba ba. Shafin nasa na intanet ba shi da ado, kayan sun yi yawa, sabon shiga zai iya ruɗewa. Sannan dole babba ya tsaya a kai: reza da allura ba na ƙananan yara ba ne, ɗan maganaɗisu in yaro ya haɗiye hatsari ne babba, kuma duk gwajin da ke buƙatar sirinji a sayo sabo a cire allurar, kada a kuskura a tsinto na asibiti. Waɗannan duka ba su rage masa ko ƙwayar zarra a idona ba. Shi kansa abin da yake koyarwa kenan: duba abin da ke gabanka, ka yi da shi.

Babban cikas ɗaya ne, harshe. An juya faifan nan zuwa harsuna da dama na Indiya da na wajenta. Hannu na bayyana rabin maganar, amma dalilin da ya sa abu ya juya ko ya busa sai da baki, kuma malamar firamare a ƙauye da ɗalibanta sun fi cancanta su ji shi da Hausa. Muna da matasa a Kano da suka gwanance wajen ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya na awa uku, har a rantse jarumin Bakano ne. Faifan minti ɗaya ba zai gagare su ba. Ina roƙonsu, don Allah, su nemi izini su ɗauki ko guda hamsin su juya mana, a riƙa turawa ta WhatsApp daga malami zuwa malami. Kafin su yi, Malam, Malama, a nemi kwalin ashana da batiri ɗaya da guntuwar wayar tagulla, a shiga da su aji ranar Litinin.